Sunan da Ya Kori Mutuwa

Ajuji ba ta ɗago daga keken ɗinki ba da akawun da ke neman aurenta ya shigo shagonta, ƙamshin turarensa ya riga sallamarsa isowa. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu kafin ya yi magana.

"Na shirya turo magabatana. Sai dai Yaya ta ce a canza sunan nan. Kin san gidanmu, ba za a ce mun ɗauko amarya a juji ba."

Keken ya tsaya cak. Ta dube shi daga takalmi har hula, irin kallon da take wa yadin da ya koɗe.

"Ka taɓa tambayar dalilinsa?"

Ya sosa ƙeya. Ta ci gaba.

"'Ya'ya uku Inna ta binne kafin ni. Da na zo, sai ta kira ni abin yarwa, don mutuwa ta raina ni ta wuce. Ta kuwa wuce."

"Haba, ai camfi ne wannan."

Ta tsinke zare da haƙori, ta tofar, ta nuna masa ƙofa da almakashi.

"Camfi ko ba camfi ba, sunan da ya kori mutuwa ba zai kasa korar akawu ba. Ka gaida Yaya."