Inuwar Takardar Baba

Babana ma'aikacin lafiya ne a Anka. Wata la'asar ina gefensa yana buga aiki a kwamfuta, sai janareta ya mutu. Da aka tayar, takardar ba ta nan. Sai wani fayil dishi-dishi, sunansa ya fara da 'yar lanƙwasa kamar tsutsa.

Na ce, "Baba, mi ne wanga?"

"Inuwar takarda ce, ɗiyata. In kana rubutu, na'ura na aje kwafi a ɓoye. In ka rufe lafiya, ta share abinta. In wuta ta ɗauke, ta bar shi nan."

Don murna ya manta na iya karatu. Ya buɗe.

Jerin yaran da aka samu gubar dalma a jininsu ne. Suna na uku nawa ne.

Sati biyu ke nan Inna na ɗura mini magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana cewa na tsutsar ciki ne.

Na ɗora yatsa kan sunana. Baba ya kama hannuna.

Yau buga takardu ne sana'ata. Kullum ina cin karo da inuwar nan. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba.