Kaka Ta Bi Sawu

Ƙarfe shida da kwata Kaka ta sauka daga mota a gindin tsauni, sanye da takalmin motsa jiki na ɗanta, ta cusa tsumma a ciki don ya zauna mata. A gida ta ce asibiti za ta je a auna mata jini. Surukarta ta yi mata fatan sauƙi, har da miƙo mata lema.

Yara bakwai ne a gabanta, 'yan ƙungiyar matasa ta unguwa, babbansu shekara goma sha shida. Jagorarsu jikarta ce, wadda ake kira Takwara don sunan Kaka aka sa mata. Kilomita goma sha biyu za su taka, su haye tsaunin su sauka ta bayansa, inda malamar ƙungiya ke jiransu. Doka ɗaya ce, kada babba ya sa musu hannu. In aka saɓa an soke tafiyar, lambar yabon da Takwara ta shekara tana nema kuma sai baɗi.

Kaka ta san dokar sarai, ta kuma san in aka gan ta babu mai yarda ba taimako ta zo yi ba. To amma yarinyar da ba ta iya gano ɗankwalinta da safe, ita ce za ta gano hanya a daji? Mu tsofaffi haka Allah ya yi mu, gani muke ko rana ba za ta fito daidai ba sai mun tsaya a kanta. Ta bar tazara mai kyau, ta bi su.

A mararrabar farko ta tarar da kibiya an zana da alli a jikin dutse, ƙatuwa, ko makaho ya shafa zai gane. Ta yi tsaki. Wa ke yi wa hanyar da ya riga ya wuce alama? Ɓarnar alli kawai. Ta bi inda kibiyar ta nuna.

Rabin awa kacal suka yi suka zauna a inuwa, sun ba hanya baya, sun duƙufa kan taswira. Ragwaye, in ji Kaka a ranta, tana maƙale a bayan wani dutse tana haki kamar zugazugin maƙeri. Sai da numfashinta ya dawo suka tashi. Haka suka yi ta yi, tafiya kaɗan, zama. A zamaninta da tuni an je an dawo.

Kafin ƙarfe goma ruwanta ya ƙare. Harshenta ya fara mannewa ke nan ta hango gorar ruwa a kan wani kututture, ko buɗe ta ba a yi ba. Ga sakacin da take faɗa. Ta shanye tas don su koyi hankali.

A bakin rafi akwai duwatsun tsallakawa, amma suka zaga ta gadar katako. Ta jiyo wani dogon yaro yana mitar an ƙara musu tafiya a banza.

"Abin da muka rubuta shi za mu bi," in ji Takwara. "In ƙafarka ta gaji, bakinka ma ya huta."

A gangara santsi ya ɗebi Kaka, ta zauna daɓas, lema ta gangara, salati ya kuɓuce mata da ƙarfi. Shi ke nan, ta kashe wa yarinya shekara guda. Ta runtse ido tana jiran a kira sunanta. Sai ta ji sun ɓarke da waƙar ƙungiya gaba ɗaya, suna nan tsaye sun fuskanci gaba, har ta miƙe ta karkaɗe zaninta. Ta gode wa Allah da ya yi yaran yanzu da toshewar kunne.

Da la'asar suka isa lafiya, ko ƙwarzane babu. Kaka ta laɓe a bayan wani shago ta goge fuska, sannan ta saje da iyaye. Malama ta gaishe ta har ƙasa, ta tambaye ta ya jinin. Ta ce da sauƙi.

Aka maƙala wa Takwara lamba a ƙirji. Kaka ta ce ba laifi, amma ta san wanda addu'arsa ta kai su. Takwara ta ce ai kowa ya sani.

Malama ta raba wa iyaye kwafin tsarin tafiyar, ta ce ƙa'idar ƙungiya ce yara su rubuta duk hatsarin da suke hange da maganinsa, ita kuma ta sa hannu kafin a tashi. Kaka ta ɗora tabarau don neman kuskure. Kwanan watan da ke kan takardar na sati uku ne da suka wuce, alhali ita jiya ta yanke shawara. Maciji ne na uku, ruwan sama na biyu. A layin farko, da rubutun Takwara:

"Kaka za ta biyo mu. Magani: alli a kowace mararraba, hutu duk rabin awa, ƙarin gorar ruwa, a bi ta gada, kuma kada wanda ya waiwaya."