Ƙarfen da na tono a tsohon bariki

Ina 'yar shekara takwas, wata la'asar na bi Goggo zuwa tsohon barikin da ke bayan unguwarmu a Mubi. Sojoji sun daɗe da tashi, mata ne ke shanya gyaɗa a simintin filin fareti. Ni kuwa na shige kangaye ina mafarkin tsintar zoben da wani soja ya ɓoye wa masoyiyarsa.

Abin da na tono wani dunƙulen ƙarfe ne mai nauyi, duk tsatsa, da 'yar ƙawanya a kansa. Goggo na hango shi a hannuna ta ɗora hannu a ka.

"Gurneti ne! Kada ki motsa, kada ki sake shi!"

Na ƙame ina hawaye har aka kira Kaka, wanda ya yi aikin kuku a barikin. Ya tsaya a gindin tsohuwar sandar tuta, ya duba gabas, ya duba yamma.

"Ɗakin makamai can yake bayan gadurum," in ji shi. "Nan inda take tsaye kicin ɗina ne."

Ya karɓi ƙarfen ya jinjina, sai ya fashe da dariya.

"Dutsen sikelina na awon nama! Amarya, ashe ke kika ɓoye mini shi?"

Zoben dai ban samu ba. Amma har yau, in na ji warin tsatsa a tafin hannuna, sai ajiyar zuciyar ranar ta dawo mini.