Rukunin "Kar A Taɓa"

Mai kula da sito ta buɗe rukunin ƙarshe.

Akawun kamfaninsu, wanda suke kira Sarkin Tsari, shi ya ƙirƙiro dabarun lissafin da ke cikin teburin kwamfutar da kowa yake aiki da shi. Ya kasa su rukuni-rukuni, ya raɗa wa kowanne suna: "Na Kullum", "Na Ƙarshen Wata", sai "Kar A Taɓa".

Rahoton kayanta ya ƙi daidaituwa, manaja kuma ya ce ko rahoto yau ko takardar gargaɗi. Ta ɗauko dabara ɗaya daga haramtaccen rukunin. Kafin ƙiftawar ido lambobin sun zauna daram.

"Ƙanwata, me nake gani haka?"

Sarkin Tsari ne a bayanta, riƙe da kofin shayi. Ta juyo da sauri.

"Yaya, don Allah ka rufa min asiri."

"Asirin me? Tun bara dabarun nan suna cikin rukunin da na kira 'Masu Muhimmanci', ina roƙonku ku gwada, ko kallo ba su ishe ku ba. Ina sauya sunan zuwa 'Kar A Taɓa' kowa ya faɗa ciki, har manaja." Ya kurɓi shayinsa. "Ke kaɗai kika rage. Har na fara tsoron ko ba ki da lafiya."