Linzami a Ɓangaren Hagu

Yau ma linzamin kwamfutar yana ɓangaren hagu.

Doña Eufemia ta tsaya a kansa, malafar da take saƙa tana hannunta. A iya saninta babu bahago a gidan nan. Ɗanta Efraín, wanda ya aiko da kwamfutar daga ƙasar Sifen domin matarsa Maribel ta riƙa samun saƙonsa, da dama yake komai, haka ma Maribel. Mijinta kuwa, Don Baltazar, tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara, ba ya tafiya, ba ya magana. Inda aka ajiye kujerarsa a tsakar gida, nan yake wuni.

Ta mayar da linzamin dama domin ta buɗe hoton ɗanta yadda aka koya mata, sai ya ƙi. An sauya aikin maɓallansa biyu, na dama ya koma na hagu. Ta kai shi hanci, ta ji ƙamshin man zafi, amma ba ta ba shi muhimmanci ba, domin da hannunta take shafa wa tsohon man kowace safiya.

Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne hidimar da ake yi wa linzamin. A da ƙurar kaba takan cika cikinsa, ya riƙa tsalle, babu wanda ya damu. Yanzu kuwa kullum sai Maribel ta kife shi, ta murɗe murfin, ta fito da ƙwallon, ta goge ƙananan sandunan ciki da auduga, ta hura, ta mayar.

"'Yata, yaushe kika zama ma'abociyar tsabta haka? Tukunyar masara ma ba ta samun wannan gata."

"Tsalle yake yi, Mama. Hannun da bai ƙware ba ba zai iya da shi ba."

"Hannun wa?"

"Hannun kowa," in ji Maribel, idonta a ƙasa.

A zauren ƙungiyar masu saƙa malafa ta garin Sigsig, Targelia, aminiyar Eufemia, ta ƙara wa zaton nauyi.

"Ƙawata, ni ba na shiga sha'anin mutane, kin san halina. Amma bahago ɗaya ne a layinku, Wilmer mai gyaran rediyo, mai tafiya kamar zakaran da ya ci gado. Da idona na ga ya shiga gidanku ran nan. Kuma da zarar kin fito, labulen ɗakin kwamfuta sai ya sauka."

"Idonki dai ba ya hutawa, Targelia."

"Naki ne ya yi hutun da ya wuce kima."

Da ta koma gida ta tarar da kujerar tsohon a gindin bangon da ba nan ta bar ta ba. Wato har kawar da shi ake yi, kada ya gani! Ta durƙusa a gabansa, ta gyara masa hannun damansa da ke kwance a cinya kamar guntun itace.

"Tsoho, kai ne shaida. Akwai namijin da ke zama a gaban na'urar nan idan na fita? Idan akwai, rufe idonka."

Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya rufe ido, gefen bakinsa mai rai ya motsa. Ta ɗauka baƙin ciki ne, ta share masa baki, ta yi kuka saboda mutumin da ake cin amanar ɗansa a gabansa alhali ba shi da harshen faɗa.

Ranar Lahadi Efraín zai kira, kamar yadda ya saba bayan an taso daga coci, kuma ranar ce ta dace da zagayowar ranar aurenta da Baltazar. Ta ƙudura za ta sanar da ɗanta komai. Ta san Efraín: ba ya tambaya sau biyu, kuma auren da ya saki ba ya waiwayarsa. Sai dai tana tsoron Allah, ba ta son rushe gida bisa zato. Hujja take so, ta ido.

Ranar Asabar ta ɗauki kabarta ta fita kamar kullum. Ta kai kwanar coci, ta juyo. Labulen ya riga ya sauka. Ta manna kunne a jikin taga.

"A hankali mana, kai da gaggawa!" Muryar Maribel ce, cike da dariya. "Na goge maka shi, yanzu ba ya tsalle. Matsa sama kaɗan. Yawwa! Na rantse, idan ta gani gobe sai ta yi kuka."

Eufemia ta janye kunnenta daga tagar. Ba cin amana kaɗai ba, har da izgili. Ta shiga ta ƙofar shagonsu da ke haɗe da ɗakin kwamfutar ba tare da ta bi ta tsakar gida ba, ta banka ƙofar ɗakin, kalmar tsinuwa tana kan harshenta.

Maribel ta zabura ta tsaya, tana kare mutumin da jikinta. Amma ba ta iya kare hannunsa ba. Hannun hagu ne na namiji, yana rawa a kan linzamin, yana bin haruffan da aka jera manya-manya a fuskar kwamfutar, yana zaɓensu ɗaya bayan ɗaya. A samansu kalma guda ce ta fito: Eufemia.

A yatsan hannun kuma akwai zoben da ita da kanta ta sanya masa a gaban limamin coci, ranar da aka ɗaura musu aure.