Gado a Bayan Mota

Da maigidan ya kwance kujerar ƙarshe daga bayan ƙaramar bas ɗinsa, sai ya yi dariyar ƙeta shi kaɗai. Shekara tara ke nan, duk tafiyar shan iska da ya shirya da matarsa sai dangi sun cika motar: ƙanne, 'ya'yan ƙanne, har maƙwabciya da akwatinta. Yanzu kujera biyu suka rage, tasa da ta matarsa.

Mako uku yana fama da katako da ƙusoshi. Ya kafa gado mai faɗi, ya shimfiɗa katifa, ya rataya labule, ya samar wa risho da jarkar ruwa wuri.

"Wai ina mutane za su zauna?" in ji matar.

"Kash!" ya ce, yana ɓata fuska. "Sam na manta da su."

Ranar tafiya dangi suka zo, suka leƙa, suka juya da jakunkunansu. Maigidan na ta ba su haƙuri, ransa fari tas.

Ya tayar da mota ke nan, sai ya ji tari a bayan labule. Ya waiwaya. Surukarsa ce miƙe a kan katifa, ta ja bargo har ƙirji.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," ta ce. "Ciwon baya ne ya hana ni zaman mota. Yanzu kam duk inda za ku, ƙafata ƙafarku."

Ya buɗe baki, kunyar suruka ta rufe shi. "Amin, Mama," ya ce.

Matarsa ta zuba wa titi ido, kafaɗunta na rawa saboda dariyar da take dannewa.