Farin Dutse a Kabarin Alhusaini

Masu dawowa daga wata jana'iza ne suka fara ganinsa: dutse fari fat a kan kabarin Alhusaini, yana ƙyalli cikin rana. A makabartar garin nan ba a sa wa kabari komai sai fasasshiyar tukunya da ƙaya.

Fenti aka fesa wa dutsen, kuma ba a yi dogon bincike ba. Duk yankin Tama mutum guda ke aiki da irin wannan fenti, Markus, Kirista, ma'aikacin asibitin mishan. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa aka kawo musu injin feshi mai zuƙo ruwan ganga biyu ya haɗa su a bakin bututu. Da shi Markus yake fesa tankunan ruwa. Abin yana kamewa nan take kamar fatar roba, ruwa ba ya ratsa shi, rana ba ta mayar da shi rawaya. Markus kuwa yana da garkar albasa a fadama, aron da maigari ya ba shi, kuma ita ke riƙe da gidansa.

Magana ta bazu cewa Kiristoci sun fara yi wa mamatan Musulmi alama irin tasu. Mata suka daina amsa gaisuwar matarsa a rijiya.

Wadda ta fi kowa zafi ita ce Cima, uwar mamacin. Alhusaini ɗan farinta ne. Yana da rai ba ta taɓa kiran sunansa ba, ya mutu ba wanda ya ga hawayenta, kamar yadda ya kamata. Yanar ido ta rufe mata gani, ba ta rabe mutum sai ya yi magana, haske kawai take gani. Mace ba ta shiga makabarta, amma kullum da rana tsaka sai ta tsaya a hanyar rijiya, ta fuskanci dutsen daga nesa, bakinta yana motsi. Kowa ya ce tsinuwa take yi. Ko Zalika, matar mamacin, ba ta tsira daga faɗanta ba. Tun da ta fita takaba Cima ta hana ta niƙa a gida, wai ƙarar tana sa ta ciwon kai. Sai maƙwabta take kai gero.

Maigari ya kira Markus gaban dattawa. Ya durƙusa, ya ce shi ya fesa, shi ya kai dutsen a amalanke ya aza. Aka tambaye shi wa ya sa shi. Ya ƙi faɗa.

Cima ta ɗaga murya daga bayan zana: "Wanga yaro bai da kunya, maigari. Ya faɗi mana! Ko ni zai ce na aike shi?"

Markus ya dubi ƙasa. "Iya, ban ce ba."

Maigari ya ba shi zaɓi, ko ya faɗi suna ko ya bar garka. Albasa ta kusa isa cira. Markus ya sa takalmansa ya fita, aka ba wani garkar tun kafin la'asar.

Aka tura maza su kankare fentin da wuƙa, ya ƙi fita. Sai suka mirgino dutsen waje, suka tunkuɗa shi cikin kwari gefen hanyar rijiya, ya faɗi a kife, fentin yana ƙasa.

Washegari da rana tsaka Cima ta zo ta tsaya inda ta saba. Ta juya kai dama, ta juya hagu. Ta daɗe tana juyawa, bakinta bai motsa ba.

Zalika ta zo wucewa da tulu, ta leƙa kwarin. Ɓangaren da ya kwanta a kan kabari ba a fesa shi ba. Yana da kwarmi mai sulɓi, kusurwa guda ta ɓantare. Ta sauke tulun a hankali, don tun tana amarya take durƙusawa gaban wannan kwarmin. Dutsen niƙan Cima ne.